Manjan Jego a Hanyar Awe

Mun tashi da asuba daga Lafiya, ni da yayar maigidana, a bayan wata tsohuwar lori mai zuwa Awe. Ƙanwata ce ta haihu, na ɗaukar mata garwa biyu ta manja don miyar jego. Damina ta kankama, hanya duk taɓo. In lorin ta faɗa rami sai kajin wata mata ’yar ƙabilar Tibi su yi ta kuka, mu kuwa mu yi ta salati.

Wajen hantsi muka tarar rafi ya shanye gada, dole muka sauka a wani ƙauye muna jiran ruwa ya janye. Muka sayi gasasshiyar doya ta kwabo, mai daɗi ƙwarai. A nan na ga wata mata zaune ƙofar ɗakin shan magani, ta haɗa kai da gwiwa. Maciji ya sari mijinta a ƙafa a gona. An yi masa allura, ana so a ƙara masa gobe, amma firjin da ke ajiye maganin da kananzir yake aiki, kananzir ɗin kuma bai fi na yini ba. In wutar firjin ta mutu, maganin ya lalace.

Sai wani tsohon soja, wanda ya yi yaƙin ƙasar Bama zamanin Turawa, ya ce in za a ba shi manja zai fitar da abin da zai ci a lagwanin firjin. Ba ranar kasuwa ba ce, babu inda za a sayi manja. Na sauke garwa ɗaya.

Yayar maigidana ta ce, “Amarya, man mai jego za ki ba wannan ya ƙona? Shi firjin ne ya haihu?”

Na ce, “Yaya, mu gwada dai.” Amma ina shakka, don a gidanmu ɓarnar abinci zunubi ne.

Tsohon sojan ya zuba manjan cikin ƙaramin duro, ya haɗa da garin gasasshen yumɓu da farar ƙasa, ya toshe bakin da laka. Ya fitar da bututun ƙarfe daga jikin duron, ya bi da shi ta cikin tulun ruwan sanyi, sannan ya hura wuta mai tsanani. Warin da ya tashi har awaki sun bar gurin. Ya ce yumɓun ne ke sassara man, kamar yadda ake faskara icce.

Bayan azahar bututun ya fara ɗiga. Manjan da na sani ja wur, mai kauri, ga shi yana fitowa tsararo, garai-garai. Ya zubar da na farko, ya tace sauran da tsumma, aka zuba a tankin firjin. Wutar ta yi ja, ta yi hayaƙi, can ta daidaita ta koma shuɗiya. A makaranta an koya mana kananzir daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ban taɓa zaton yana ɓoye cikin tukunyar miyata ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya ajiye shi a nan.

Washegari ruwa ya janye, muka isa Awe, inda mata ke dafa gishiri. Ƙanwata ta ji labari, ta yi dariya ta ce garwa ɗaya ma ta isa.

Da muke komowa na leƙa ɗakin maganin. Mutumin da maciji ya sara yana zaune bisa tabarma yana shan kunu, kumburin ƙafar ya saɓe. Matarsa ta riƙe hannuna tana ta sa mini albarka.

Mun iso Lafiya da la’asar. Abin da na koyo shi ne, na yi shekaru ina juya manja da ludayi ban san rabin abin da Allah ya zuba a cikinsa ba. Yanzu in zan sa shi a miya, bisimillata ta fi ta da nauyi.