Maiwar Kawu Ɗanjuma

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjuma, yayan mahaifiyata, ya san ko yayyafi aka yi a Bungudu sai ya naɗe hannun riga, ya tona ƙasa, ya cusa hannu. In laima ba ta kai gwiwar hannu ba, sai ya karkaɗe ya ce ruwan nan gaisuwa ya zo yi, ba zama ba. Duk wannan saboda maiwarsa ne, irin da ya gada daga kakansa. Ƙwaya ɗaya ba ta shiga ƙasar da bai yarda da ita ba.

Kun dai tuna ɗaurin auren ɗan'uwanmu Bala a Gusau. Mun riga mun makara, amma da Kawu ya hango gefen hanya jiƙe, sai ya sa direba ya tsaya. Mu a zatonmu ruwa zai kama. Kawai sai ga shi tsugune a gonar mutane da farar shadda, hannu cikin taɓo. Ya dawo yana ta mamaki, wai yaya aka yi nan suka fi mu da yatsa huɗu alhali hadari ɗaya ne. Ko da muka isa har an raba goro, kuma shi ne wakilin ango.

Mutum ne mai son sanin dalili. Da shamuwa suka riƙa zuwa su gama sheƙa ruwa bai sauka ba, abin ya hana shi sakat. Ya tafi har ofishin masu hasashen yanayi, ya zauna musu tun hantsi. Wani ma'aikaci mai haƙuri ya yi masa bayanin ɗumamar duniya, ya ce damina yanzu tana makara, ta kuma ɗauke da wuri, gara ya koma iri mai saurin nuna. Kawu ya saurara tsaf, ya yi godiya, sannan ya ce, "To ni na ji. Su shamuwa wa za shi gaya musu?"

Irin kuwa bai sake ba. Shekara biyu a jere yana jiran laima, ya shuka a makare, ruwa ya ɗauke maiwa tana bunni, ba ta kai ga yin ƙwaya ba. Abin da ya rage bai cika ƙwarya ba, sai ya raba biyu. Rabi ya ajiye, rabi ya ƙulla a tsumma ya kawo mini Tsafe, ko gonar maigidana za ta fi dacewa. Amma ya faɗa? Ina! Miƙo mini ya yi, ya wuce masallaci, daga can ya zarce hira. Ni kuma ganin tsaraba ce, na wanke na jiƙa don in dama masa kunu da safe.

Da gari ya waye ya ga ƙwaryar, wallahi na zaci faɗuwa zai yi. Ni ma zuciyata ta kawo, na ce ai ba duba nake yi ba, wa ke kawo iri kamar goron gaisuwa? Jiƙaƙƙen iri ba ya jira, ko a shuka ko ya ruɓe. Haka ya ɗauki sungumi da kansa, ya shuka a ƙasar da laimarta ba ta wuce yatsa ba, yana yi yana tsaki. Kwana uku ban iya cin abinci ba, don na san in ta mutu ni na kashe.

A rana ta huɗu aka sheƙa ruwa. A shekarar nan ta Bungudu da ya jira ya shuka ba ta yi ido ba, ta Tsafe kuwa sai da ta rusuna don nauyi. Ya zo ya zagaya gonar yana shafa zangarniya, ya dube ni ya ce, "Rabi, shekara sittin ina tambayar ƙasa, ashe mai kunu ya kamata in tambaya."

Bai ga girbin ba, saura kwana tara a girbe ya rasu. Ranar sadakar arba'in ɗinsa da maiwar aka dama furar da kuka sha, na kuma ware dami guda ban bari an taɓa ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba mu ikon riƙe abin da ya bari a hannunmu.