Kunnen Hagu na Tomong Dalumpines

Mijina, Crisostomo Dalumpines, ya ƙetare Tekun Atlantika sau ɗari biyu da goma sha shida kafin ya taɓa ƙetare ta a zaune. Ni na ƙirga. Duk lokacin da ya rubuto ko ya bugo waya ya ce sun iso, sai in ja layi a bayan kalandar kicin, kuma kalandun nan talatin da ɗaya suna nan cikin akwati a gidanmu na Miagao, a ƙasar Filifin. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da 'yan aji uku, saboda haka ƙirge da duban rubutun hannu su ne sana'ata.

A garinmu babu mai ce masa Crisostomo. Tomong ake cewa, tun yana bin babansa kamun kifi. A jirgi kuwa bajon da suka maƙala masa a ƙirji "Chris" ne, wai don kada harshen fasinja ya karye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekara ashirin ya yi yana hidimar tebur a babban ɗakin cin abinci na jirgin. Tebur huɗu, mutum ashirin da biyu, zama biyu kowace yamma. Faranti goma sha biyu yake ɗorawa a tire ɗaya, jirgi na tangaɗi, kuma a duk shekarun nan uku kacal ya fasa. Wata tara yana teku, wata uku yana gida. Idan ya dawo ba ya iya zama a ci abinci da shi, sai ka gan shi tsaye a bayan kujerata yana jiran kofina ya sauka.

Shi ne ya ɗauki takardun Eleuterio Sumagaysay, wanda muke ce wa Teryo, ya kai su ofishin ɗaukar ma'aikata a Manila. Ɗan unguwarmu ne, Tomong ya girme shi da shekara shida, shi ya koya masa riƙon tire da naɗe adiko. Da muka haifi 'yarmu Salud, Teryo ne ya tsaya mata a wurin baftisma. Tun daga ranar suke ce wa juna Pare, ni da matarsa Luding muna ce wa juna Mare.

Sai gurbin mataimakin shugaban ɗakin cin abinci ya buɗe, aka fitar da suna biyu, nasa da na Teryo. A jirgi akwai katin da fasinja ke cikawa ya jefa a akwati ranar sauka, ya yaba ko ya kushe. Kati ɗaya mai ɗauke da sunanka ya isa ya ɗaga ka, ya isa ya kwantar da kai. Ana saura mako guda a yanke hukunci, aka tsinci kati da sunan wata tsohuwar Baturiya, wai ma'aikacin teburinta ya tare ta a hanyar ɗakinta ya daka mata tsawa, ya ce da ita tsohuwar banza. Ta riga ta sauka, babu wanda ya neme ta. Aka ba Teryo muƙamin. Aka tura Tomong ɗakin wanki.

Hawa uku ne a ƙarƙashin ruwa, babu taga ko ɗaya, inji shida suna ruri ba hutu. Shekara goma sha ɗaya ya yi a can. A ta shida kunnensa na hagu ya mutu. Bai ajiye aikin ba don yara uku suna makaranta.

An haɗa masa kwafin katin da takardar gargaɗi, ya aiko mini. Karatu ɗaya na yi masa na zauna a ƙasa. Baturiyar ta rubuta sunan wanda ya zage ta: Tomong. Ina Baturiya ta san Tomong? Chris ne a ƙirjinsa, kuma a lokacin su biyu ne kaɗai 'yan Miagao a jirgin nan. Ya kai wa manajan wancan lokacin maganar, aka ce masa, "Kana nufin fasinja ƙarya take yi?" Na rubuta wa ofishin Manila wasiƙa uku, ko ɗaya ba a amsa ba. Ma'aikaci ba ya ƙaryata kati. Fasinja kaɗai ake saurara.

"Petring, bar shi," Tomong ya ce mini.

"Kai ka bari. Ni ban bari ba."

Teryo ya ci gaba da hawa har ya zama shugaban ɗakin gaba ɗaya. Ya gina bene, taku ɗari huɗu da goma sha biyu daga ƙofarmu. Kowace shekara a bikin gari sai Luding ta aiko mana da gasasshiyar kaza a faranti mai murfi. Sau goma sha huɗu ta aiko, sau goma sha huɗu na mayar ban ɗaga murfin ba.

Shekara uku bayan Tomong ya yi ritaya, Salud, wadda yanzu nas ce a New Jersey, ta bugo ta ce me muke so na cikar aurenmu shekara arba'in. Na ce mu zo wurinta, amma ta ruwa, kuma a jirgin babanta.

"Nanay, kwana bakwai fa! Jirgin sama awa bakwai ne daga Ingila." Nanay shi ne Mama a yarenmu.

"Na iya lissafi, Inday 'yata. Ki nemo mana ɗaki mai taga."

Na sa kwafin katin a leda, na sa ledar a jakar hannuna, tsakanin fasfo da maganin hawan jini.

A tashar Southampton ta Ingila, Tomong ya ja akwati ya nufi ƙaramar ƙofar ma'aikata. Sai da na damƙo rigarsa. "Ina za ka, tsoho? Ta nan masu gida suke shiga." Washegari da safe na fito wanka na tarar ya gyara gado, ya ninke tawul huɗu ya jera a bakin ƙofa. Na warware su ɗaya bayan ɗaya na watsar a ƙasa, na kora shi waje ya je ya kalli tekun da ya yi shekara goma sha ɗaya yana ratsawa bai gan ta ba.

Ƙarfe shida na yammar farko muka isa ƙofar ɗakin cin abinci. Ga Teryo cikin baƙar kwat, gashi ya sha rini. Ya ga sunanmu a jerin fasinjoji, don haka ya shirya fuskarsa.

"Barka da yamma, Mista da Misis Dalumpines," ya ce da Turanci, ya ɗan rusuna.

Na mayar masa da yarenmu. "Pare, ka yi ƙiba. Abincin sama ya karɓe ka."

Tomong ya sa hannu a bayan kunne. "Me ya ce?"

"Maimaita masa, Pare. Ka san ba ya ji sosai."

Ya maimaita. Ya raka mu tebur, ya ja mini kujera, ya ja wa Tomong, ya shimfiɗa masa adiko a cinya da irin naɗin da Tomong ya koya masa.

Niyyata ta farko ita ce in tara kurakuransa in cika kati. Kwana huɗu ina zuba ido da ɗan littafina a ƙarƙashin tebur. Cokali bai karkace ba, miya ba ta huce ba. Sifili. Na ce wa Tomong to mu ƙirƙira, ai mu ne fasinja yanzu.

"Ba zan rubuta abin da bai yi ba," ya ce. "Wanda ya yi ma ya isa."

To, sai na koma kan wanda ya yi. Rana ta biyar ce ranar aurenmu, kuma al'adar jirgin ce shugaban ɗaki ya kawo kek da katin taya murna da ya rubuta da hannunsa. Ƙarfe tara na safe na je ofis, na jira minti ashirin da biyar, na ga manajar da ke kula da duk harkar baƙi, wata doguwar mata, Misis Lindqvist. Ban kai ƙara ba. Na ce mata kawai mijina ya bauta wa jirgin nan shekara talatin da ɗaya, yau kuma yana cika arba'in da aure a cikinsa. Ta ce lallai za ta zo teburinmu da kanta.

Ta zo. Ma'aikata takwas suka kewaye mu suna waƙa, Teryo ya ajiye kek ya miƙo katin. Da manyan baƙaƙe ya rubuta, a rarrabe, irin na allon sanarwa. Ba wawa ba ne.

Na ɗaga murya da Turancin aji, yadda manaja za ta ji. "Haba, wannan ai na baƙi ne. Madam, wannan mutumin uban baftismar 'yarmu ne, unguwarmu ɗaya. Pare, rubuta masa sunan da muke kiransa a gida, da rubutunka na gaske."

"Ashe 'yan gari ɗaya ne!" in ji Misis Lindqvist. "Wane suna ne? Rubuta mana mu gani." Ta zaro birota ta ba shi.

Daƙiƙa goma sha ɗaya ya yi riƙe da biron nan. Ya dube ni, na yi masa murmushi. Ya sunkuya ya rubuta. Ya canza harafin farko, ya miƙar da shi tsaf. Amma na sha kama yara suna kwaikwayon sa hannun iyayensu, kuma duk haka suke: su gyara farkon kalma, su manta da ƙarshenta. Harafin ƙarshe ya fito da jelarsa a lanƙwashe baya kamar ƙugiyar kifi, daidai da wanda ke cikin jakata.

"To-mong," manaja ta karanta. "Ban taɓa jin sunan ba."

"Ba kowa ya san shi ba, Madam," na ce. "Ko za ki ba mu minti goma gobe? Akwai wata tsohuwar takarda da nake so ki gani."

Ta ce ƙarfe goma sha ɗaya.

Washegari ƙarfe goma da kwata na safe muna zaune a kujerun bakin jirgi, Tomong ya rufe ƙafa da bargo yana kallon ruwa. Sai ga Teryo, ba kwat, ba murmushi. Ya durƙusa a gefen dama na kujerar Tomong.

"Mare, ba mu wuri."

"Kujerata ce, Pare. Sunana ke jiki."

Ya juya ga Tomong. "Pare, wata takwas suka rage in cika shekara talatin a aiki, in samu fansho. Wata takwas. Idan aka sallame ni da laifi, komai ya tafi. Ka dubi Salud, ni na riƙe ta a coci."

Tomong ya yaye bargon, ya ninke shi gida huɗu, ya ajiye. Ya gyara zama a hankali har ya juya masa ɓangaren hagu, ya nuna kunnen da yatsa.

"Faɗa a nan, Pare. Wannan kunnen naka ne."

Teryo ya matso, ya faɗa. Minti huɗu yana magana a cikin mataccen kunne, Tomong yana kallon teku. Ya ce shi ya rubuta. Ya ce ya zaci gargaɗi kawai za a yi, bai san za a kai Tomong ƙasa ba, da aka kai shi kuma ya ji tsoron buɗe baki. Ya ce duk shekara yana cewa bana zai faɗa. Har da hawaye. Tomong bai ji ko kalma ɗaya ba. Ni kuwa kunnuwana biyu lafiya lau suke.

Minti goma muka nema, arba'in muka yi a ofishin Misis Lindqvist. Na jera kati biyu a kan teburin, na nuna mata jelar harafin, na nuna mata tsohon bajon da ke cewa Chris, na maimaita mata abin da na ji da safe. Ta tambayi Tomong me yake so. Ya miƙe tsaye, hannu a baya, kamar mai jiran oda.

"A cire takardar daga fayil ɗina, Madam. Ban taɓa zagin fasinja ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan nasa," na ce. "Nawa kuma, ki kira mutumin ki tambaye shi."

Da yammar ranar wani ne daban ya tarbe mu a ƙofa. Da muka isa New York, muna saukowa ta babbar gada, na leƙa ƙasa na hango Teryo ya fito ta ƙaramar ƙofa yana jan akwati biyu. Na taɓo Tomong in nuna masa. Yana can yana ɗaga wa Salud hannu, bai waiwaya ba.

Wasiƙar kamfani ta iso Miagao bayan mako tara. Layi biyar ce, cewa an cire takardar gargaɗin daga fayil ɗinsa. Tomong ya karanta sau biyu, ya sa ta cikin akwatin kalandu, ya fita ba kaji dawa. Wani lokaci idan muna cin abinci yakan tambaye ni, "Wai me ya ce ne ranar nan?" Sai in ce iska ta yi yawa, ni ma ban ji ba. Na san mijina. Idan ya ji zancen hawaye, zai ɗauki hula ya taka ɗari huɗu da goma sha biyun nan zuwa gidan Teryo.

Bikin gari na bana, faranti bai zo ba. Na jira har ƙarfe biyu, sannan na yanka kaza mafi ƙiba a cikin namu, na gasa ta da kaina, na sa a faranti mai murfi, na kai har ƙofar benen na ajiye na ƙwanƙwasa. Kafin in gama wanke hannu a gida, Luding ta dawo da ita da kanta, murfin a rufe, ta dire a kan matakala ta juya.

"Na gode, Mare!" na ƙwala mata. "Sai baɗi!"

Na shiga kicin na ja layi a bayan kalanda. Saura goma sha uku.