Sifili Uku a Gaban Sunan Lawali

Shekara takwas ke nan da muka binne Lawali, kuma har yau in watan Mauludi ya kama ba na son haɗa ido da mutanen Kurawa, ƙauyensu. Abokina ne tun muna samari. Manomi ne mai 'yan shanunsa, kuma a ƙungiyarmu ta 'yan bege da ke Sabon Birni babu wanda ya kai shi murya. Ba a biyan kowa a cikinmu. Son Manzo ne ke tara mu kowace Alhamis bayan la'asar a wani zaure, mu zauna gwiwa da gwiwa muna fuskantar juna, mu yi bitar ƙasidun da za mu rera ranar Mauludi.

Ni malamin firamare ne, irin wanda ko gidan biki ya je sai ya ji yana son kiran suna. Da aka ɗora mini kula da ƙungiyar, na ga kowa na zuwa lokacin da ya ga dama, sai na sayo littafi na ja layi da rula. Na kafa doka: wanda ya yi fashi uku babu uzuri ba zai tsaya da mu ranar Mauludi ba, uzurin kuma a gaban kowa za a faɗe shi. Na ji daɗin kaina ƙwarai a lokacin.

A shekarar ce na lallashi Baffa Sambo, wani dattijo mai fatauci zuwa Nijar, ya shigo cikinmu saboda ƙasidun da ke kansa. Shi ne mahaifin Hajo, matar Lawali. Na san haka sarai, don da ni aka kai goron aurensu, amma ban kawo komai a raina ba.

Tun daga ranar da Baffa ya fara zuwa, Lawali ya ɗauke ƙafa. Na buga masa sifili, na ƙara, na ƙara. Da na ci karo da shi a kasuwa na ce, "Lawali, mi ya hana ka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komi, Malam. Ranar Mauludi za ni taho." Na ce masa "ba komi" ba uzuri ba ne.

Ya kuwa zo, cikin farar riga sabuwa, ya tsaya can ƙarshen sahun baya. Na bi shi har can da littafina a hammata. A gaban baƙin da suka zo mana daga garin Isa na ce masa doka doka ce. Ya ce, "To, Malam," ya koma cikin 'yan kallo ya zauna a ƙasa. Bai sake dawowa ƙungiyar ba, amma bai fasa gaishe ni ba, bai kuma fasa kawo mini man shanu duk kaka ba. Bayan shekara biyu ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah Ya karɓi abinSa.

A zaman makoki ne Baffa Sambo ya jawo ni gefe. Ya ce, "Malam, yaron ga bai taɓa fashi ba. Kullum kekenai na bayan katanga, shi ko yana tsaye yana sauraro. Ƙaƙa za shi zauna gabana ya buɗe baki da waƙa? Ko sunana ba ya iya faɗi, kai ko ka ce ya faɗi uzuri gaban jama'a. Da ka tambaye ni, da ni na janye."

Na rasa inda zan sa kaina. A nan aka haife ni, ni ma ban taɓa cin abinci a gaban surukina ba. Kunyar da na sani a gidana ita ce na kasa ganewa a fuskar abokina, don na zuba wa littafi ido.

Yau abubuwa sun sake. Hanyoyin ƙauyuka ba su biyuwa yadda aka saba, 'yan'uwanmu na Gatawa wasu suna gudun hijira a cikin gari, wasu sun ƙetara iyaka. Yanzu a waya ake tura ƙasida, mutum ya koya a inda yake, ranar Mauludi in ya samu hanya ya zo mu ce masa sannu. Babu mai neman uzurin kowa. Nakan tambayi kaina me Lawali zai ce da ya ga masu koyo daga nesa ana ba su sahun gaba. Ina jin murmushi kawai zai yi, kuma wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

Shanunsa an raba, gonarsa ta yi shekaru ba a noma ta ba. Abin da ya saura mana shi ne yadda yake jan amshi, ya ɗaga shi sama ya sauke a hankali, wanda har gobe haka muke rerawa. Sababbin shiga kan tambaye ni wa ya koya mana. Nakan ce Lawali. Sai su ce lallai ya daɗe yana jagorantarmu, ni kuwa in kawar da zancen. To, ku da kuka tambaya, ga amsar da na riƙe muku: ni na kore shi.

Allah Ya jiƙan Lawali. Ni kuma Allah Ya sa ya yafe mini, don ban taɓa roƙonsa ba.