Atika Mai Banda Ta Koma Ruwa

Duk wanda ya saba sayen bandar kifi a kasuwar Madarumfa ya san rumfar Atika, ko da bai riƙe sunanta ba. Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, wadda hayaƙin murhu ya daɗe da rina mata idanu. Shekarunta sun haura hamsin. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa kai tarwaɗa kasuwa ba sai ta bushe har ƙaya.

A gidan masunta aka haife ta. Mahaifinta, Ɗan Baba, ya daɗe bai samu ɗa namiji ba, saboda haka ita ya riƙa ɗauka zuwa tafki tun tana ƙarama. A wurinsa ta koyi hawa gora, wato ƙaton goran nan da masunci yake kifa cikinsa a kai, ya bar bakin yana kallon sama don jefa kifi, ya riƙa tuƙawa da hannuwa da ƙafafu. Daga baya ta koyi iyo babu gora, har tana tsere wa yara maza. Da ta fara zama budurwa sai mahaifiyarta ta ce ya isa haka. Tun daga ranar, ruwan tafki bai sake wuce mata gwiwa ba, daga wankin kifi sai wankin tufafi.

Ta auri wani masunci mai suna Isa. A shekarar ce aka kawo wata amarya daga Safo gidan da yake jikin nasu, gajeruwa mai surutu, sunanta Asma'u. Ƴar manoma ce da ta tashi da ruwan rijiya, ba ta taɓa ganin ruwa mai faɗin tafkin nan ba, kuma ba ta ɓoye cewa tsoronsa take ji. Ita ce ta fara aiko wa Atika goro da kwanon tuwo tana neman ƙawance. Atika ta mayar da kwanon cike da kifi. Daga nan suka zama ƙawaye na gaske, irin waɗanda in an ga ɗaya a biki ba a tambayar ina ɗayar.

Ɗan farin Atika namiji ne, aka sa masa suna Lawali. Kamar yadda kowace uwa mai tarbiyya take yi a ƙasar nan, Atika ta ɗauki kunyar ɗan fari, ta kuma riƙe ta fiye da yadda mata da yawa suke riƙewa. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba, ba ta yabe shi ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. Da lokacin yaye ya yi, ɗakin Asma'u aka kai shi, a can ya yi rabin ƙuruciyarsa. In Atika tana son sanin halin da yake ciki, sai ta leƙa ta katanga ta ce, "Ƙawa, ɗanki ya dawo daga makarantar lakwal?" In ya durƙusa gaishe ta, sai ta kawar da kai ta amsa a taƙaice. Amma kan tarwaɗa mafi girma kullum ta katangar nan yake bi ya sauka a kwanonsa, kuma shi ma ya san daga inda yake fitowa.

Da Isa ya rasu, Lawali ya gaji goransa da komarsa ta kamun kifi. Shi ya ci gaba da kawo wa mahaifiyarsa kifin da take bandawa. Yakan ajiye kwandon a bakin murhu, ya ce, "Ga shi nan," ita kuma ta ce, "An gode," ba tare da ta ɗago ido ba.

A daminar da ruwa ya yi yawa, tafkin ya cika har ya haɗiye lambuna, Lawali ya fita su da safe bai dawo ba. Wani tsohon tarun kamun kifi da ya maƙale a saiwoyin itatuwan giyayya, can tsakiyar ruwa, shi ya sarƙe masa ƙafa. Goran ne ya fara isowa gaci shi kaɗai. Washegari masunta suka fito da gawarsa.

A zaman makoki Asma'u ta yi kuka har ta shiɗe, mata suka kewaye ta suna ba ta haƙuri kamar ita ta haife shi. Atika kuwa ta zauna a tabarma, idanunta a bushe. Ita take miƙa wa baƙi ruwan sha, ita take cewa, "Mai shi ya karɓi abinsa." Tsofaffi suka yi ta jinjina mata. "Kun ga kunya, kun ga tawakkali," in ji su, har wata ta jawo ƴarta ta nuna mata, ta ce ta yi koyi. Garin duka ya ɗauka Atika ta haɗiye abin ya wuce.

Abin bai wuce ba. Ya tsaya mata a ƙahon zuci kamar dutse. Murhun banda ya yi sanyi. Ta daina bin hanyar da take gangarawa tafki. Tuwo ya ƙi wucewa ta maƙogwaronta, zane ya fara kewaye ta har ya yi saura. An kai ta asibiti, likita ya duba bai ga ciwo ba, ya ba ta maganin ƙarin jini. An yi mata rubutu ta sha. Sau da yawa takan shiga ɗaki ta rufe ƙofa da niyyar ta yi kukan ɗanta, amma gidan cike yake da kunnuwa, ga matar mamacin, ga jikoki, kuma harshen da ya shekara talatin yana kauce wa suna ɗaya ba ya miƙewa don an rufe ƙofa. Ƴarta Maryama, wadda take aure a Maraɗi, ta kira ta a wayar salula ta ce da zarar an gama girbi za ta zo ta ɗauke ta. Atika ba ta yi musu ba. A ranta dai ta san cewa in ta tafi da dutsen nan a ƙirji, a can za a binne ta.

Wata Juma'a, rana ta take tsaka, sai ga Asma'u ta shigo ɗauke da goran Lawali a ka. Tun ranar da ya iso gaci yake rataye a zauren gidanta.

"Ƙawa, tashi ki raka ni," in ji ta.

Atika ta dubi goran, ta mayar da idonta ƙasa. "Ina za ki da wannan abin?"

"Tafki. Maza duk sun tafi masallaci, bakin ruwa ba kowa. Iyo zan koya."

"Ke? Ke da ko kududdufi kika gani sai kin kewaye gari?"

"Ni ɗin. Ɗana ya bar mini gora, ba zan zuba ido gara ta cinye shi ba."

"Ma'u, da furfurarki? Ajiye shi, don Allah."

"Ba zan ajiye ba. In kin zo, to. In ba ki zo ba, ki shimfiɗa tabarmar wani makokin, ki zauna a sake yabonki."

Ta juya ta fita. Maganar ta soki Atika inda ba wanda ya taɓa tun rasuwar. Ta ɗan jima zaune, sannan ta ja mayafi ta bi bayanta, tana tafiya tana hutawa, don ƙafafunta sun saba da kwanciya.

Can ta hango ruwan. Yana nan yadda ta san shi, shimfiɗe, yana ƙyalli, furannin bado sun rufe gefensa, itatuwan giyayya suna tsaye a cikinsa can nesa. Ta tsaya a kan tudu, ba ta ƙara taku ba.

Asma'u ta ɗaure zanenta tamau, ta yi bisimilla da ƙarfi, ta shiga har ƙugu. Maimakon ta kifa cikinta, sai ta ɗaga ƙafa ta haye goran kamar mai hawa jaki. Nan take ya juye da ita. Ta taso tana tari tana tofar da ruwa, ɗankwali ya rufe mata ido ɗaya.

"Ba haka ake yi ba!" Atika ta ji muryarta ta fita ba da shawararta ba. "Kifa cikinki za ki yi. Bakin ya kalli sama."

"Daga nan tudu kike koyarwa, malama? Na gode."

Ta sake gwadawa. A wannan karon ta kwanta daidai, ta rungume goran, ta harba ƙasa da ƙafa. Goran ya ɗauke ta. Iskar da take busowa daga gaci ta tura shi gaba, a hankali da farko, sannan da ɗan sauri. Asma'u ta miƙa ƙafa tana neman ƙasa, ba ta samu ba.

"Atika!" Wannan kiran babu wasa a cikinsa. "Atika, babu ƙasa! Wayyo Allah, babu ƙasa!"

Tana ta mutsu-mutsu, goran yana karkata, bakinsa yana neman shan ruwa. Atika ba ta san lokacin da ta yar da mayafi ba. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙirji, sai ta saki jikinta a kansa. Hannuwan da suka rame suka tuna aikinsu. Sanyi ya ratsa ta har ƙashi, numfashinta yana fita da ƙyar, amma tana matsawa. Da ta isa, Asma'u ta cafke mata wuya.

"Saki wuyana, ƴar manoma, za ki nutsar da mu duka! Riƙe gora. Saki ƙafafunki, bar su su yi yawo."

Ta daidaita bakin goran, ta dafa gefensa ita ma. Suka yi ta haki. Iska ta ci gaba da tafiya da su, har inuwa ta faɗo a kansu. Atika ta ɗaga kai, sai ta ga rassan giyayya.

Asma'u ta dubi itatuwan, ta dubi ƙawarta. Ta ce, "Nan ne?"

"Nan ne."

"To, ƙawa, nan babu tsofaffi, babu suruka, babu jikoki. Ni kuwa ruwa ya cika mini kunnuwa, ko ganga aka buga ba zan ji ba."

Atika ta saki goran, ta nutsa. A ƙarƙashin ruwa, inda komai kore ne kuma shiru, ta buɗe baki ta faɗi sunan. Kumfa kawai ta fita. Ta taso, ta ja iska, ta riƙe wani reshe.

"Lawali," in ji ta, a hankali, kamar mai ɗanɗana abincin da ba ta sani ba. Sannan ta ɗaga murya. "Lawali! Lawali, ɗana!"

Kukan ya zo da ƙarfin da ya girgiza reshen. Ta faɗa masa abin da ba ta taɓa faɗa ba: cewa takan tsaya bayan katanga ta saurari dariyarsa, cewa ranar da ya fara kawo kifi sai da ta shiga ɗaki ta yi sujada, cewa ko sau ɗaya bai ɓata mata rai ba. Ta roƙa masa gafara da rahama. Asma'u ta saki goran da hannu ɗaya, duk da tsoron da take ji, ta riƙe damtsen ƙawarta, nata hawayen suna zuba.

Suna nan har suka jiyo sallamar liman ta lasifika daga cikin gari.

"An idar," in ji Asma'u. "Maza mu tafi, kada maza su tarar da tsofaffi biyu suna lilo a giyayya."

Atika ta tura goran da mai shi har gaci. Da ƙafar Asma'u ta taɓa laka sai ta zube tana godiya ga Allah.

"Da gangan kika yi," in ji Atika, tana matse zanenta.

"Niyyata in tsaya inda ruwa yake ƙugu, in yi ta ihu har ki shigo. Iska ce ta ci amanata."

Atika ta yi dariya, muryarta a dishe. A hanya ta ce yunwa take ji. Asma'u ta dama mata fura, ta shanye, ta nemi ƙari.

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Akwai safiyar da takan tashi jikinta a mace, ta kasa fita tsakar gida. Amma Juma'ar da ta biyo sun koma, da wadda ta bi ta. Maganar ta fita gari, wasu suka ce tsufa ya fara taɓa su. Daga baya Hafsatu, matar marigayin, ta fara bin su. Da fari tana zama a kan tudu tana riƙe musu mayafai, yanzu takan shiga har ƙirji. Asma'u har yau ba ta rabuwa da gora, kuma har yau sai ta yi ihu in ƙafarta ta rasa ƙasa. A gaban mutane Atika ba ta sauya ba, "ɗan Ma'u" take cewa in zancensa ya taso.

Bayan girbi Maryama ta zo da mota, kamar yadda ta yi alkawari. Ta tarar da hayaƙi yana tashi a bayan gida, mahaifiyarta tsugune tana juya karfasa a kan murhu.

"Inna, na zo mu tafi. Ina kayanki?"

Atika ta goge idonta da gefen zane saboda hayaƙi. "Sannu da hanya. Ki kwana biyu, ki tafi wa mijinki da kifi. Ni ba inda za ni, ina da ɗaliba a nan, kuma kanta da tauri."

Daga bayan katanga Asma'u ta ce, "Ina jin ki, ƴar masunta!"