Makaɗa a Harami?

Ko zan manta komai na makarantarmu ta Uhudu da ke garin Manzo, ban da safiyar da na shiga na hangi sandar kakata jingine a ƙofar ofishin mudira, shugabar makarantar. Da jan zaren da ke ɗaure a kanta na gane ta.

Ga yadda aka yi. Abla, malamarmu, ta ba ni aikin bayyana sunayen ƙungiyoyin makaɗa na Turawa. Simfoniya na nufin sautuka masu tashi tare. Ta ɗaki ita ce ƙaramar, wadda ɗaki guda zai ɗauka. Filharmoniya kuma masu ƙaunar dacewar sauti. Ni ko a gida ba na ɗaga murya, don haka na zauna kusa da Kaka ina ta maimaitawa ƙasa-ƙasa: “Makaɗa filharmoniya…” Ashe ita “fil Haram” take ji, wato a cikin Harami. Da safe ta riga ni fita.

A ofishin na tarar Kaka tana zuba wa mudira da Abla Hausa da ɗan Larabci. “Makaɗa fil Haram? A garin Manzo? Ku ba ni jikata, ta gama karatu a nan!”

Mudira ta dube ni, Abla ta dube ni. Babu mai jin Hausa sai ni, kuma na san Kaka ba ta faɗa ta fasa. In na yi shiru, ni da makarantar sai dai kallo.

“Fil-har-mo-ni-ya, Kaka!” na ce da ƙarfi. “Sunan ƙungiya ne, ba wuri ba ne!”

Har 'yan ajinmu sai da suka leƙo. Kaka ta kalle ni.

“Au, ashe kina da murya, 'yar nan? Kika bari na tako da ciwon gwiwa?” Ta gyara zama. “To su kuma na ɗakin, ɗakin wa za su shiga?”

Da na fassara, Abla ta rufe fuska da littafi, kafaɗunta na rawa.

Ranar na koyi cewa maganar da aka haɗiye rabinta, mai ji ne ke ƙarasa ta yadda ya ga dama. Da na raka Kaka bakin ƙofa na riƙe hannunta na ce, “Don Allah, Kaka, kada 'yan gida su ji.”