Tawada a Hannun 'Yar Bebi

'Yata ta biyu da sikila aka haife ta. Lokacin muna zaune a Mpape, can sama, inda ƙarar fasa dutse ke girgiza mana kwanon rufi, babansu yana tuƙa tifa. Tana da wata 'yar bebi ta roba da na saya mata a gwanjo. Duk sanda muka dawo daga asibiti, sai ta nemo biro ta ɗiga wa bebin shuɗi daidai inda aka soka mata allura. Bayan hannu, damtse, har ƙafa. Na yi faɗa har na gaji. Taurin kai ne da ita, ni ta biyo.

A daminar da ta shiga shekara shida ciwon ya kayar da ita sosai, aka ba mu gado. Wata safiya, bayan an gama neman jijiya a hannunta, ta miƙo min bebin.

"Umma, ki tafi da ita gida ki goge mata. Ta gaji da allura. In ta warke ki kawo min ita."

Na ce to. Me zan ce?

Duk ranar da ƙanwata ta karɓe ni jinya, sai in hau mota in koma gida in zauna bakin rariya da bebin nan. Sabulu da soson ƙarfe. Kananzir. Lemon tsami, man goge baki, har ruwan bilic da ya saɓule min fatar yatsu. Ina! Tawadar ta riga ta shige cikin robar, ɗigon ma sai ya ƙara bajewa. Wallahi na zagi abin nan kamar mai ji, na buga ta da ƙasa, na ɗauka na ba ta haƙuri.

Maƙwabciyata, wata 'yar kudu mai sayar da kayan wasan yara na gwanjo, ta leƙo ta gan ni.

"Maman yara, ka bar wahala," in ji ta da Hausarta. "Wannan ya shiga ciki. Ka sayi man ƙurajen fuska, ka shafa, ka rufe da farin leda, ka sa shi rana. Rana ne yana cinye shi."

Rana! A watan Agusta, a Abuja! Na dai saya, na shafa, na naɗe, na ɗora a kan rufi na danne da dutse. Gari ya kwana da hadari ya tashi da shi. Ni da nake yi wa rana tsaki in tana dukana a layin mota, sai ga ni ina ɗaga kai ina roƙon Allah ya fito min da ita ko na wuni guda.

"Ta warke?" in ji 'yata da na koma asibiti.

"Saura kaɗan."

Haka kullum. Daga baya ta daina tambaya, ƙarfin magana ya ƙare. Hannuna kawai take kallo in na shigo ɗakin. Wannan kallon ya fi komai ci min rai, har yau bai bar ni ba.

Ana yayyafi aka kai ta makwancinta. Na manta da wata bebi, na manta da rufi. Mutane suka zo suka tafi, ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe tarwai, ban ma lura ba.

Sai da babansu ya hau gyaran yoyo ya sauko da ƙullin leda. Ya ajiye min a cinya, ya fita. Na kwance, na sa gefen zanina na share busasshen man.

Fes. 'Yar kudun nan gaskiya ta faɗa.

Na juya hannun, na juya ƙafar, na ɗaga hammatar, na fito da ita tsakar gida inda haske yake, ina neman ko ɗigo ɗaya da yarinyata ta yi da hannunta. Ni na goge su duka. Ko ɗaya bai rage min ba.