Dattijon da Ya Tsaya a Gindin Dutse

Yau ya fara bin ƙungiyarmu ta masu hawan dutse, ban san sunansa ba sai da Corinne, jagorarmu, ta kira shi Wendell. Dogo ne siriri, gemu fari fat. Tafiyarsa ta wanda ya saba da duwatsun Colorado ce: ba ya duban ƙasa, ƙafar ke nemo wa kanta wuri.

Ga mu inda hanya ta ƙare, sai hawa da hannu da ƙafa. Yana dafa dutsen, hannun damansa na karkarwa. Ya danne shi da na hagu, karkarwar ta ƙi bari.

"Baba, a kama maka?" in ji Corinne.

"Don mu gangaro tare?" in ji shi. "Ku dai je, 'yata. Ni na ci rabona."

Yanzu yana zaune kan wani falalen dutse, burodinsa a cinya, ko taɓa shi bai yi ba. Idonsa na kan masu hawa, yatsunsa na motsi a gwiwa, kamar suna kama duk inda masu hawan suka kama. Ina jin tun kafin a haife mu yake hawa nan.

Na zo wucewa, ya riƙo hannun rigata.

"In kin kai sama, dubi yamma, akwai wani ɗan koren tafki. Kada ki ɗauko min hoto. Ki dawo ki faɗa min da bakinki."